Amsar Baffa kan "da na sani" da darasin Turanci

'Yata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Kin ce malaminku na Turanci ya ba ku aikin gida, ku rubuta jimla goma masu farawa da "If I had known", ke kuwa kin tashi kina jin Hajiya tana kwaɓar duk wanda ya ce "da na sani". Kina tambaya ko kin taka al'ada.

Ba ki taka ba. Hanin Hajiya yana da tushe. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Annabi (SAW) ya ce in wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata. Ranar da muka rasa kakanku, wata maƙwabciya ta fara cewa "da an kai shi asibiti tun jiya", Hajiya ta ɗaga hannu, carbi na lilo a yatsunta, ta ce "Ya isa." Jayayya da ƙaddara take gudu. Kalmar ita kanta ba ta da laifi, tunda Annabi ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da asuwaki a kowace salla.

To, ga darasin. Mu kalma biyu gare mu, "in" da "da". Bature "if" kaɗai yake juyawa, sai ya ɗora wa aikatau nauyin. Abin da ake sa ran faruwarsa: "If it rains, we will plant." Shekarun da na yi riƙe da alli, nan yara suka fi zamewa. Bahaushe cewa yake "in ruwa ya sauka", kamar ya riga ya sauka, sai yaro ya rubuta "rained", wani kuma ya cusa "will" bayan "if". Duka biyun asarar maki ce a WAEC.

"If I had money, I would buy a cow" ba zancen jiya ba ne, yau ake nufi, kuɗin ne babu. Naki na aikin gida shi ne na abin da ya wuce: "If I had known, I would have come." Lura da kyau, mu mukan ninka, da na sani da na zo, amma "would" sau ɗaya take zuwa, a ɓangare na biyu.

Sai "If I were you". Da "were" za ki rubuta ta a jarrabawa. A wurinsu shawara ce cikin ladabi, amma kada ki ɗauko ta ki ce wa babba "da ni ce kai". A gidanmu ba a yi.

Ki rubuta goman nan ki turo min ta WhatsApp kafin Litinin in duba. Ki gaida mahaifiyarki.