Zan iya barin Python 3.8 ba tare da na cutar da masu tsoffin kwamfutoci ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da wani ƙaramin laburaren Python (harshen rubuta manhajar kwamfuta) na lissafin sefa da buga rasit. Ina so in daina tallafa wa 3.8, amma wasu masu shaguna a nan Tawa tsoffin kwamfutoci gare su. Ta ina zan fara? Daga mai karatu, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lokaci ya yi kam. An daina fitar wa 3.8 gyaran tsaro tun Oktoban 2024. Manyan laburare ma sun bar shi: NumPy daga sigarsa ta 1.25, pandas daga 2.1. Sai dai 3.8 ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, kuma shi ne ya zo da Ubuntu 20.04. Mai shagon da ke kan Windows 7 ba zai iya bin ka ba sai ya sauya tsarin kwamfutarsa.

Saboda haka fara da su. Fitar da sigar laburarenka ta ƙarshe mai aiki da 3.8, misali 1.9, ka rubuta a bayanin sauye-sauye cewa daga ita an rufe. Ware mata reshe a Git (manhajar adana tarihin lamba) don gyaran kurakurai masu tsanani.

Bayan nan, kafin ka taɓa layi ɗaya na lambar, shiga fayil ɗin saitunan laburarenka, pyproject.toml, ka sa requires-python = ">=3.10" (3.9 ma wa'adinsa ya cika a Oktoban 2025, kada ka sha wahala sau biyu). Wannan layin ne pip, manhajar sauke laburare, ke dubawa ya ba mai 3.8 tsohuwar sigar. Jerin classifiers (alamomin bayanin laburare a wannan fayil) ado ne kawai, pip ba ruwansa da shi. Sai ka cire 3.8 da 3.9 daga gwaje-gwajenka, ka fitar da 2.0.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a manta layin, a yi amfani da match (umarnin da ya fara a 3.10), a ɗora a PyPI, rumbun da pip ke sauke laburare daga ciki. Mai 3.8 zai sauke lafiya, yana buɗewa saƙon kuskure na SyntaxError ya tare shi. Fitar da 2.0.1 mai layin ba ya magance komai, don pip zai tsallake ta ya koma kan 2.0.0 da ta lalace, tunda ita ba ta hana kowa ba. Dole ka shiga PyPI ka yi wa 2.0.0 yank, wato ka janye ta ba tare da gogewa ba. Kada ka goge ta: da yank, wanda ya kafe ta da == zai ci gaba da samunta, sauran masu 3.8 kuma pip zai mayar da su kan 1.9.