Waɗannan ƙananan lambobin ba jabu ba ne, 'yata

Assalamu alaikum 'yan zaure. 'Yata, kafin komai ina yi miki ta'aziyya. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Tun daren jiya na ga hoton da kika sa, amma ido ba ya ba ni haɗin kai da dare, shi ya sa na bari sai da gari ya waye. Kin ce a cikin adakar mahaifinki, wanda ya yi ritaya yana birgediya janar a rundunar igwa, kun tarar da lambobin girma na soja shida 'yan ƙanana a jere kan ƙarfe ɗaya, kowace ba ta kai murfin kwalba faɗi ba, sai kuma wata babbar tauraruwa guda ita kaɗai a cikin tsumma. Kina tambaya ko na wasan yara ne, ko jabu ne, sannan yayyenki suna cewa a warware a ba kowa ɗaya. Na ga har wani ya ba ki amsa cewa kayan ado ne na kasuwa. Allah ya ba shi haƙuri, bai san abin ba.

Ni tsohon sojan igwa ne. Na fara daga bakin bindiga ina ɗaukar harsashi, na yi shekaru ina odalen wani kwamanda, na bar aiki ina samanja. A zaman odalen ne na koyi ɗinka minda, wato lambobin girman nan na soja, don a wancan lokacin kayan oga duk a wuyana suke, tun daga takalmi har maɓalli.

Kowace lambar soja kama uku take zuwa da ita. Akwai babba, ita ce ta asali, ana sa ta ranar babban fareti, kamar 15 ga Janairu da ake tunawa da mazan jiya. Akwai ɗan ƙyallen kawai, wanda ake jerawa a saman aljihun kaki na yau da kullum. Sai ta uku, wannan da ke hannunki, wadda girmanta kusan rabin babbar ne. Ita ta dare ce. Idan hafsoshi za su yi liyafar cin abinci a mes ɗinsu, wato ɗakin cin abincin hafsoshi, akwai wata guntuwar kwat da suke sawa, iyakarta ƙugu. In ka rataya mata manyan lambobi sai ta saki ta gefe ɗaya, ga ƙara kamar an saki awaki masu ƙararrawa duk lokacin da mutum ya miƙa hannu. Shi ya sa aka yi ƙananan. Al'adar daga sojan Ingila muka gaje ta, kuma a can ma hafsa da kuɗinsa yake sayen ƙananan a wurin tela ko maƙeran lambobi. Saboda haka ba a rubuta sunan kowa a jikinsu. Riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Yanzu bari mu karanta jerin, don karanta shi ake yi kamar allo. A ƙirjin hagu ake sa shi, kuma wadda ta fi daraja ita ke kusa da tsakiyar ƙirji, sauran na bin ta zuwa wajen kafaɗa.

Uku na farko su ne waɗanda kike gani a bayan sunan manyan hafsoshi a takardar gayyata: DSS, MSS da FSS. In faɗa miki gaskiya, waɗannan ba na jarumtar rana ɗaya ba ne. Na daɗewa ne a aiki ba tare da tabo ba, hawa-hawa ake samunsu, FSS ce ta fari, DSS ta zo daga baya. Kada wannan ya rage musu ƙima a idonki. Wanda ya yi aikin soja a Najeriya tsakanin 1975 da 1999 ya san yawan juyin mulki da yunƙurinsa da aka yi, da yawan hafsoshin da aka sallama, aka ɗaure, ko aka harbe. Mutum ya ratsa wannan zamani har ya tara ukun nan, ya kuma fita da ƙafarsa, ba ƙaramin abu ba ne.

Mai ƙyalle shuɗi-shuɗi da kore a tsakiya, mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta Labanon ce. Najeriya ta ajiye bataliya a kudancin ƙasar daga 1978 zuwa 1983, ana sauya ta lokaci-lokaci, kuma mutum sai ya yi aƙalla kwana 90 a aikin kafin a ba shi. A lokacin Baba ba zai wuce laftana ko kyaftin ba. Mai ɗauke da 1960 da 1985 kuwa ta cikar Najeriya shekara 25 da samun 'yanci ce, shaida ce kawai cewa yana bakin aiki a shekarar.

Ta ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ita ce ta tsayar da ni. Sojojinmu sun sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, a watan Agustan 1990, kuma a Oktoban 1992, da 'yan tawayen Charles Taylor suka yi wa birnin ƙawanya, igwa ta yi aikin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ina can. Mun kwana muna harbi har fentin bakin bindiga ya toye, ka zuba ruwa ya yi cuu ya tashi. Kunnena na hagu tun daga nan ya tafi hutu, har yau matata ta dama take zagayowa in za ta yi min magana.

Abin da babu a jerin ma magana yake yi. Babu lambar yaƙin basasa, ke nan bayan Janairun 1970 ya shiga. Babu ta cika shekara 50 da aka bayar a 2010, ke nan kafin nan ya ajiye kaki. In kika haɗa da ƙa'idar shekara 35 ta aiki, kin ga rayuwar aikinsa ta faɗo tsakanin farkon shekarun 1970 da wajen 2009.

Hanyar da irinsu ke bi kusan ɗaya ce. Daga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, sai makarantar igwa ta Kachia. A nan ne ake gane wanda zai iya. Aikin igwa lissafi ne, ba ƙarfin damtse ba, domin abin da kake harbi ba ka ganinsa. 'Yar ƙaramar igwarmu mai bakin milimita 105, ƙirar Italiya, tana kai harsashi wajen kilomita 10. Ta Rasha mai milimita 122, mai ƙafa uku, tana wuce kilomita 15. Ƙaramin hafsa yakan fara ne a wajen bindigogi yana juya lamba zuwa kusurwa. Daga nan a tura shi gaba tare da sojan ƙasa, shi da taswira da madubin hangen nesa da mai rediyo, ya kwanta a inda yake hango abokan gaba yana cewa a ƙara, a rage, a karkata dama. In ya yi kuskuren lamba ɗaya, a kan 'yan'uwansa wutar za ta sauka, wataƙila a kansa. Yana manjo a ba shi batir, wato rukunin igwa wajen shida. Ya je kwalejin hafsoshi ta Jaji, ya dawo ya riƙe rejimanti yana laftanar kanar. In Allah ya ɗaga shi, ya je cibiyar horar da manyan jami'ai ta Kuru ko kwalejin yaƙi ta Abuja, sannan a ba shi birged, irin na Minna, Bauchi, Akure, Abeokuta ko Owerri, ko kujera a hedikwatar rundunar da ke Kontagora. Marigayi Janar Domkat Bali ta wannan layin ya fito, har ya zama ministan tsaro a 1984. Su psc da mni da za ki gani a takardun Baba shaidar waɗannan makarantu ce, ba su da minda, kada ki yi ta neman su a adaka.

To, maganar rabo. Ki roƙi yayyenki su bar jerin nan yadda yake. In don kuɗi ne, ba za su sami abin kirki ba, don ana iya sayen irinsu sabbi. Kuma tunda babu suna a jiki, da zarar an warware zaren, kowace ta zama ta kowa. Abin da ya sa suka zama na Baba shi ne haɗuwarsu a wannan tsari, tare da takardunsa. Ku nemo takardar ba shi muƙamin hafsa, da ta ritaya, da hoton da ya sa su a ƙirji, ku haɗa wuri ɗaya a hannun mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi. In ana gudun haƙƙin gado, a tambayi malam, a yi musu ƙima, mai riƙewa ya biya sauran ko su yafe. Na san gidan wani oga da aka yi sakaci, yara suka haɗa manyan lambobinsa da tsofaffin tukwane suka ba 'yan gwangwan a kan kilo.

Kada kuma a wanke. Ni na taɓa yin wannan wautar. Saura kwana biyu liyafa, na ga ƙyallen ogana ya yi dauɗa, sai na jiƙa shi a ruwan sabulu. Kafin in ankara ja ya malale cikin fari, kwalin da ke bayansa ya kumbura ya lanƙwashe. Na zauna da allura da fitilar ƙwai har asuba ina sake ɗinki da sabon ƙyallen da na roƙo wurin telan bariki, cikin gaggawa kuma na musanya biyu. Oga bai ce komai ba sai da muka shiga mota. Ya duba madubi, ya ce, "Kofur, yaushe na je Labanon kafin in shiga soja?" Sati guda na yi ina gadin dare. Man goge ƙarfe ma ki nisanta shi, yana cinye ruwan zinaren da ke sama. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Kada ki ƙulle su a leda, gumin damina zai sa su yi tsatsa. Ki naɗe a farin yadi, ki sa a akwatin katako da ɗan kafur saboda asu.

Saura babbar tauraruwar, mai tsini shida da kambi da haruffan GRI. Wannan ba ta Baba ba ce, ta girme shi a aiki nesa ba kusa ba. Tauraruwar Boma ce, wadda Ingila ta ba waɗanda suka yi yaƙi da Japan a ƙasar Boma, wato Myanmar ta yanzu, tsakanin ƙarshen 1941 da 1945. Ƙyallenta ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma ne suka je, akasarin 'yan Najeriyar cikinsu daga Arewa, har Turawan da ke jagorantarsu sai da suka koyi Hausa. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945, shi ya sa har yau akwai barikin Arakan da na Myohaung a Legas. A wancan dajin babu hanyar mota, warware igwa ake yi gunduwa-gunduwa, 'yan dako su ɗauka a ka.

Ita ma a haka aka bayar da ita, ba suna. Amma mutum ba ya ɓoye lambar bare shekara da shekaru a adaka ɗaya da tasa. Ki je wurin mafi tsufa a dangin Baba, in akwai gwaggo da ta rage, ki nuna mata, ki tambaye ta wa ya je Boma a gidanku. Ki tafi da waya mai caji ki naɗi abin da za ta faɗa.