Tambaya da Amsa: Wane ne Erwin Chargaff?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Legas, daga Agege, ina karatun bayokemistiri. An ba mu dokar Chargaff mu haddace, amma ba a gaya mana wane ne mutumin ba. Me ya gano, kuma me ya hana shi kyautar Nobel?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. An haifi Erwin Chargaff a 1905 a Czernowitz, garin da yanzu yake cikin Yukren, ya yi digirin digirgir a Vienna a 1928. Bayahude ne, saboda haka da 'yan Nazi suka hau mulkin Jamus a 1933 ya bar Berlin zuwa Faransa, daga can ya sami aiki a Jami'ar Columbia ta Amurka a 1935. Mahaifiyarsa ba ta tsira ba, kwashe ta aka yi ba ta dawo ba.

DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin halitta, yana da tubala huɗu da ake taƙaita sunayensu da A, T, G da C. Kafin shi, masana da yawa sun ɗauka duk yawansu ɗaya ne, jeri ne da ke maimaita kansa. Chargaff ya yi ta awo da haƙuri, a 1950 ya nuna yawan A daidai yake da na T, na G daidai da na C, sai dai rabon ya bambanta daga halitta zuwa halitta. Kamar ki ƙirga takalma a ƙofar masallacin Juma'a, ki tarar na dama daidai da na hagu. Masana biyu, James Watson da Francis Crick, waɗanda ya gana da su a Cambridge ta Ingila a 1952, su suka fahimci cewa bibbiyu suke tafiya, A da T, G da C, suka zana siffar DNA a 1953. Nobel ta 1962 ta tafi gare su da Maurice Wilkins, wani masanin da shi ma ya yi aiki kan siffar DNA. Abin ya yi masa ciwo, kuma a ganina yana da hujja.

Ni dai abin da ya fi sa ni girmama shi, shekarunsa na baya ne, lokacin da ya koma rubutu kan iyakar kimiyya. A 1976 ya aika wasiƙa ga mujallar Science yana gargaɗi kan sauya ƙwayoyin gado, domin halittar da aka ƙera aka saki ba ta kiruwa ta dawo. Ya rasu a New York a 2002. Ki nemi wannan wasiƙa a laburarenku, ki karanta ta kafin ku fara darasin sauya ƙwayoyin gado.