PES 2021 ko eFootball? Ɗan uwa, irin wannan ce ta raba mu

Salamu alaikum. Ɗan uwa mai tambaya, ka ce majalisarku ta gidan gem ta dare gida biyu, wasu sun kafe a kan PES 2021, tsohon gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami, wasu kuma sun rantse in ba magajinsa eFootball ba ko sisi ba za su zuba a gasar da kuke shiryawa ta bayan Sallah ba, har wasu sun fice daga guruf ɗinku, kuma kai aka ɗora wa shirya abin, shi ne kake neman a ce maka wanne za ka ɗauka. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ka taɓo min inda yake min ciwo. Ka yi haƙuri, amsar za ta yi tsawo.

Abu na farko, kada ka saurari masu ce maka ai wasa ne kawai, me zai sa a ɓata zumunci a kan wasa. Mai faɗin haka bai taɓa zama shekara da shekaru yana goge hannunsa a kan abu ɗaya ba, har ya kai in ya shigo shago yara su riƙa tashi suna ba shi kujera, sannan rana guda a wayi gari a ce duk wannan iyawar ta tashi a banza. Wannan ne asalin rigimar. Masu cewa PES 2021 ya fi daɗin fasin, da masu cewa eFootball ne na zamani, duk da gaskiyarsu, amma ƙasan maganar ita ce wa zai ci gaba da zama oga, wa zai koma ɗan koyo.

Tamu ta faru ne a azumin 2022. Gasar dare muke yi bayan tarawi, kowa ya biya kuɗin shiga, aka rubuta sunaye a bayan wata tsohuwar kalanda aka manna a bango, a kan PES 2021 aka fara, a kansa aka yi zagayen rukuni, a kansa aka yi na fitar da gwani. Ni lokacin ba yabon kai ba, ba mai son a haɗa shi da ni. Madrid nake ɗauka, wadda muka saka da faci ta filash, wato fayil ɗin da ke ƙara ƙungiyoyi da riguna a gem, kuma na san kowane ɗan wasa a cikinta kamar yunwar cikina. To ka tuna a tsakiyar azumin nan ne, 14 ga Afrilu, Konami suka saki babban gyaran nan na eFootball, 1.0.0, wanda tun Nuwamban 2021 ya kamata ya fito suka ɗage shi. Sai wanda yake riƙe da kuɗin gasar, ba zan kama sunansa ba, shi da Allah, ya sauke shi a PS4 ɗin shagon ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Ashe kullum bayan mun watse wajen sahur shi da ƙaninsa suke zama suna bugawa. Ƙanin nasa kuwa yana cikin huɗun da suka rage, kuma da ni aka haɗa shi.

Ran wasan kusa da na ƙarshe, washegarin Sallah, na shigo da sabon yadina, shago cike, har a bakin taga mutane sun tsaya. Aka miƙo min hannu, na ɗaga kai na kalli talabijin sai na ga allo launin shuɗi da ɗorawa. Na ce meye wannan? Ya ce ai daga yau an koma sabo, duniya ta ci gaba, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Na ce kuɗin da na biya na PES 2021 ne. Ya ce in ba zan buga ba a ba wa yaron wasa, shi ke nan. Na juya ina neman wanda zai ce uffan. Mutanen da muke cin kwano ɗaya da su wajen buɗa baki, kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya. Ɗaya ma dariya ya yi ya ce, "Oga ko tsoro kake ji ne?" Wannan kalmar ce ta zaunar da ni a kujerar.

Madrid ba ta cikin 'yan ƙungiyoyin da ake iya ɗauka, dole na ɗauki Bayern. Na ce to a bar ni in gyara maɓallai, don gudu sun mayar da shi R2, ni kuwa tun zamanin PS2 yatsana a R1 ya san gudu. Ya ce a'a, yadda aka same shi haka za a buga, kada a ɓata wa mutane lokaci. Ɗan uwa, ka san yadda mutum yake ji idan ƙwaƙwalwarsa ta san abin da za ta yi amma yatsunsa suna yin wani abu daban? In tura ɗan wasa ya ruga sai ya tsaya yana taɓa ƙwallo a hankali. In zo tare hanya sai mai tsaron bayana ya wuce fuu ya bar fili. Kafin hutun rabin lokaci an zura min uku. Aka tashi biyar da nema. Yaron da a PES 2021 ko kusurwa ba ya samu a kaina. Hannuna har rawa yake yi, gumi ya jiƙa sabon yadin, kuma duk wannan ba shi ya fi min ciwo ba. Abin da ya fi ciwo, shi mai riƙe da kuɗin yana tsaye a bayana yana ɗaukar bidiyon fuskata, ba talabijin ba, fuskata. Kafin in isa gida ya ɗora a sitatus ya rubuta wai an yi jana'izar 'yan gargajiya. Har matata sai da ta gani a wayar ƙaninta. Mutumin da na taɓa ranta wa kuɗin gyaran janareta lokacin da shagon ya kusa rufewa. Har yau in muka haɗu a masallaci gaisuwa ce kawai ta fatar baki, kuma ban ɓoye maka ba, na yafe kuɗin amma bidiyon nan ban iya mantawa ba.

Bayan nan majalisar ba ta sake haɗuwa ba. Mu muka koma wani shago can bayan kasuwa, su suka zauna. Suna ce mana tsofaffi, muna ce musu 'yan kati, saboda katunan 'yan wasa da ake saya a eFootball. Shi ya sa nake roƙonka don Allah, duk abin da za ka zaɓa, ka rubuta shi tun kafin ka karɓi naira ɗaya daga hannun kowa. Wane gem, minti nawa, waɗanne ƙungiyoyi, an yarda mutum ya gyara maɓallansa ko a'a. Ka tura a guruf kowa ya gani. Kuma kuɗin kada ya zauna a hannun wanda ɗan uwansa yake cikin gasar, ko da kai ne.

Su ma 'yan PES ɗinku ka fahimce su, ba taurin kai ba ne kawai. Duk wanda ya ga yadda eFootball 2022 ya fito ran 30 ga Satumban 2021 yana da hujjar ƙin sa. Ƙungiya tara kacal, fuskar Messi da Ronaldo ta zama abin dariya a duniya, alƙalin wasa yana jan ciki a ƙasa, a Steam, shagon gem na kwamfuta, ko kashi 10 cikin ɗari na masu sharhi ba su yaba masa ba, har kamfanin da kansa ya fito ya ba da haƙuri. Sun bar injin Fox da aka saba da shi tun PES 2014 sun koma Unreal, nauyin ƙwallo ya canza, juyin ɗan wasa ya canza, ba Master League, ba wajen saka faci. Mu nan kuwa faci shi ne rayuwar gidan gem. Filash ɗaya ya isa a sabunta riguna da cinikin 'yan wasa na kakar bana, a kunna jen, a buga har asuba ba a taɓa data ba. Shi kuwa sabon, kusan komai nasa sai da intanet, yau sabuntawa gobe sabuntawa, mai shago ne zai sayi datar, kuma ka san a kan wa zai fanshe.

Amma kuma zan faɗa maka abin da 'yan ɓangarena ba sa son ji. eFootball na yanzu ba shi ne na 2021 ba, an gyara shi sosai, ni kaina ina buga shi a waya. Kuma yaran da suke tasowa ba su da zaɓi. Tun Yunin 2022 PES 2021 na waya ya koma eFootball, ko kana so ko ba ka so. Yaron da a waya ya koyi ƙwallo, in ka zaunar da shi a gaban PES 2021 abin da aka yi min kake yi masa. Sannan duk wata gasa mai suna can ta koma. A Disambar 2024 FIFA da kanta ta yi gasar cin kofin duniya ta eFootball a Riyad, Indunusiya ta ɗauki na na'ura, Malesiya ta ɗauki na waya. In akwai yaro a cikinku da yake mafarkin wata rana ya wakilci ƙasa, ba a kan PES 2021 zai yi ba. Zalunci ne a hana shi don kawai mu manya muna tsoron a ci mu.

Kuma ba mu muka fara ba. Ka manta lokacin da PES 2014 ya fito? Shaguna nawa ne suka saka shi mako guda suka cire suka mayar da 2013? Kafin nan ma akwai waɗanda suka ce daga PES 6 an rufe ƙofa. Ko a waje haka ne. 'Yan gem ɗin harbi Counter-Strike sun rabu tsakanin tsohon, 1.6, da sabon, Source, tun 2004, kowane ɓangare da gasarsa, kowane yana raina ɗaya, sai bayan da Global Offensive ya fito a 2012 suka dawo inuwa ɗaya a hankali. Wanda ya fi burge ni su ne 'yan Smash Melee, gem ɗin faɗa na 2001. Da magajinsa Brawl ya fito a 2008 aka ɗauka sun mutu. Suka ƙi. Suka ci gaba da ɗaukar tsofaffin talabijin masu ƙeya suna kai wa wajen gasa a kafaɗa, a 2013 suka tara kuɗin sadaka mafi yawa har aka ba su gurbi a Evo, babbar gasar gem ɗin faɗa, kuma har gobe ana bugawa. Su ba zagin sabo ba ne ya raya su, ɗaukar talabijin ne. Ka faɗa wa 'yan PES ɗinku haka. Duk mai son tsohon ya rayu, ya kawo faci, ya kawo kuɗin fetur, ya zo a kan lokaci. Mu da muka koma bayan kasuwa, masu ihun sun fi masu zuwa yawa, shi ya sa namu ma yanzu sai ran Juma'a da daddare.

To wanne za ka ɗauka? Ni dai kada ka yi ƙuri'a. Ƙuri'a a irin wannan ba ta kashe wuta, waɗanda suka faɗi tafiya za su yi, kuma yawanci su ne manyan da suke biyan kuɗi ba gardama. In kuna da na'ura biyu, ka yi gasa biyu a rana ɗaya a ɗaki ɗaya, kofi biyu, ko da kyautar za ta ragu. Ɗaki ɗaya fa, wannan ne muhimmi. Da zarar an raba shago an raba guruf, to an gama. In na'ura ɗaya ce, wannan Sallar a yi ɗaya, babbar Sallah a yi ɗayan, a jefa kwabo a gaban kowa don a san wanda zai fara. Wanda ya ga zai iya ya shiga duka biyun, za ka sha mamaki, masu cika bakin nan da yawa a ɓoye suna buga wanda suke zagi.

A ɓangaren eFootball ɗin kuma ka hana Dream Team, inda kowa ke haɗa tawagarsa da kansa. Ka ji ni da kyau. In ka bari kowa ya zo da tawagarsa, wanda ya zuba kuɗi ya sayi tsofaffin taurari zai tattake ɗan makarantar da bai taɓa sayen koin ba, kuma sabuwar rigima ce za ta tashi wadda ta fi ta yanzu. Ƙungiyoyi na asali kawai. A kashe Smart Assist ɗin nan ma, wanda na'ura ke taya mutum bugawa, ko a yarda kowa ya kunna, amma a faɗa tun farko. Kuma in ta intanet za a buga wani wasa, a yanke tun yanzu me za a yi in sabis ya ɗauke ana tsakiyar wasa, don na ga abokai sun kusa dambe a kan wannan.

Wani abu kuma, ka sa ido a kan masu ɗaukar bidiyo. Tsokana daɗi ce, ita ce gishirin gidan gem, ni ma na tsokani mutane ba kaɗan ba. Amma a ɗauki talabijin, kada a ɗauki fuskar wanda aka ci a watsa. Ka sa shi cikin dokokin, ko za su ce ka cika tsanani.

Waɗanda suka fice daga guruf kuma kada ka tura musu saƙo, ka taka ka same su. Ka fara da wanda ya fi kowa iyawa a cikinsu, don shi ne ya fi kowa jin tsoro ko da ba zai faɗa ba, kuma in ya dawo sauran za su biyo shi. Ni da a ce wani ya tako ya same ni a makon nan da na koma.

Af, in kun tsaya a kan yin na PES 2021 ɗin, ku lallaɓa faifanku, don an cire shi daga shagunan intanet, in ya karce sai kun sha yawo kafin ku sami wani, kuma masu sayarwa sun gane sun tsuga masa kuɗi. Facin ma a ajiye shi a filash biyu. Ka faɗa min PS4 ce ko kwamfuta kuke amfani da ita, in PS4 ce ina da na kakar nan zan turo maka.