Amsa: Kiran ƙungiya gaba ɗaya ta duba kod a GitHub

Ɗan'uwa, kana so duk wanda ya buɗe buƙatar haɗe kod (pull request) a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, a kira ƙungiya gaba ɗaya ta duba, ba sai ka bi mutane ɗaya-ɗaya ba. Ana yi. Ka ƙirƙiri fayil mai suna CODEOWNERS cikin jakar .github, a reshen (branch) da za a haɗe aikin a cikinsa, ka rubuta: * @kamfani/masu-duba. Alamar * na nufin duk fayiloli; a madadin kamfani da masu-duba kuma ka sa sunan kamfaninku da na ƙungiyar kamar yadda suke a GitHub.

Sai dai dole ƙungiyar ita kanta ta samu izinin rubutu a ma'ajiyar kod ɗin (repository), ko da kowane mamba yana da nasa. Mu nan Yamai kwana biyu muka yi muna zargin intanet, ashe izinin ne ba mu ba ta ba. Da muka buɗe fayil ɗin a shafin GitHub, ga gargaɗi nan a kan layin.