Akwatin Mai Hoto

Wa alaikumus salam, ɗana. Saƙonka ya same ni bayan isha'i, kuma sau biyu na karanta shi kafin na kwanta. Ka ce Hajiya, matar marigayi Malam mai hoto, ta fita takaba ta aiko jikanta da akwatin ƙarfe, ka buɗe ka tarar da tsofaffin kyamarori uku irin na fim da ambulan-ambulan cike da kilishe, wato wankakken fim da ake fitar da hoto daga gare shi. Ka ce ba ka roƙa ba, ba ka iya aiki da su ba, ga wani a intanet yana taya maka su da kuɗi masu kauri. Kana tambaya ko ka mayar, ko ka sayar, in kuma riƙewa za ka yi, me al'ada ta ɗora maka.

Maganar mayarwa ka cire ta daga ranka tun yanzu. Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle hannun tsohuwa da ba ta daɗe da rashin miji ba. Kai kana ganin abin ya faɗo maka daga sama, ni kuwa na san inda ya fito. Shekara biyun da idon Malam ya mutu, wa ke ɗaukarsa a moto ya kai shi masallacin Juma'a? Wa ya kwana da shi likita? Kai ka manta, ita ba ta manta ba. Ba ta da gona ko saniya da za ta ba ka, sai ta ɗauko abin da mijinta ya fi ƙauna a duniya bayan iyalinsa. In ka mayar, ko da da kalmomi masu daɗi, abin da za ta ji shi ne ka raina.

Sai dai akwai wani abu da ya riga godiya, wato gado. Abin da mamaci ya bari na magada ne, kuma matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take da shi, kashi ɗaya cikin takwas. In an yi rabo akwatin ya faɗa rabonta, ko magada sun bar mata, shi ke nan. In Malam ne ya yi wasiyya da shi gare ka, tunda kai ba magaji ba ne kuma bai wuce sulusin dukiya ba, nan ma ya halatta. Amma in kawai ya taɓa cewa "na ba yaron nan" kuma kayan ba su shiga hannunka yana raye ba, a mazhabarmu ta Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta koma cikin gado. Kada ka je ka tsare tsohuwa da tambayar ko nata ne, wannan rashin kunya ne. Ka je wajen babban ɗansu a shagonsa, ku gaisa, ka ce, "Yaya, Hajiya ta aiko mini da kayan aikin Baba, na zo in yi godiya." Daga fuskarsa da amsarsa za ka gane. In ya ce ai da saninmu, ka samu shaida. In ya yi shiru ya dubi ƙasa, ka ce kayan suna nan ajiye har su gama shawara.

Ka ce ka sallami yaron da "na gode" kawai. Nan ka yi kuskure, amma mai gyaruwa ne. Yaba kyauta tukuici, kuma tukuici na ɗan aike ne. Ba shi da ƙa'ida, ana dai duban girman abin da aka kawo da ƙarfin wanda aka kawo wa. Yaron da ya ɗauko akwatin ƙarfe a ka cikin ranar nan, dala ɗari ta yi kaɗan, ka ba shi jaka guda ko biyu. Ka kuma sani zai je ya nuna wa kakarsa, kuma daga abin da ke tafin hannunsa za ta fara auna yadda kyautarta ta sauka. Ita kuwa ba a aika mata kuɗi a ambulan kamar an yi ciniki. Ƙafarka take so. Ka bari kwana biyu su wuce, ka je da goro, da turmin atamfa, da sabulu da ɗan sukari, ka durƙusa ka yi wa Malam addu'a da sunansa a gabanta. Nana A'isha ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karɓar kyauta kuma yana sakawa a kanta. Sakayyar ba lalle ta zo daidai da kuɗin abin ba, kuma ba a yinta da gaggawa kamar mai son sauke bashi.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke cikin akwatin nan, don na san shi kafin uwarka ta yi wayo. Daga 1978 zuwa 1982 ni ne yaron shagon Malam. Mai ido biyun nan, ɗaya bisa ɗaya, Yashica ce ta Japan. Ba a kai ta fuska, daidai cikin mutum ake riƙe ta a leƙa ta sama, kuma abin da ke dama za ka gan shi a hagu. Faffaɗan fim take ci, wanda ake kira 120, hoto goma sha biyu kacal a naɗi guda. Da ita ya ɗauki amare da alhazai da 'yan kokawa, da rabin hotunan da ke rataye a zaurukan Mokoyo da Bagalam da Limanci. Pentax K1000 kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1976, ta hawan salla ce da bukukuwa. Fim ɗinta ƙarami ne, mai hoto 24 ko 36, kuma ba ta buƙatar batir don ta ɗauka, awon haske kaɗai ke cin batir. Mai nauyin nan kamar dutsen guga Zenit ce ta Tarayyar Sobiyet, ita ake ba mu yara mu koya.

Da Pentax ɗin nan na yi ɓarnar da har yau in na tuna cikina ke juyawa. An yi wani biki a Tibiri, Malam ya wuni yana ɗauka, muka dawo da magariba ya miƙo mini ita ya tafi alwala. Ni da ɗoki na ja murfin baya ban naɗe fim ɗin ya koma gwangwaninsa ba. Ban fi ƙiftawar ido ba na rufe, amma fitilar shago ta riga ta shiga. Da muka wanke, hotunan ɗaurin aure da na kai amarya sun fito baƙi ƙirin. Malam bai daka mini tsawa ba. Ya ɗaga fim ɗin a haske ya daɗe yana kallo, ya ce in shirya, gobe tare za mu je mu ba mutane haƙuri. Muka je, ya mayar musu da kuɗinsu, uwar amarya tana share hawaye da bakin mayafi.

Saboda haka kada ka buɗe bayan ko ɗaya tukuna. Akwai ɗan hannu a sama ta hagu a Pentax da Zenit, wanda ake naɗe fim da shi. Ka juya shi a hankali yadda kibiyar ta nuna. In ya yi ta juyawa sakayau, babu komai ciki. In ka ji ya yi tauri, akwai fim, kuma mai yiwuwa hotunan ƙarshe da Malam ya ɗauka ne. Ka bar shi haka har in zo. Ka duba ramin batir na Pentax da Yashica ko tsohon batir ya zubo ya ci ƙarfe. Kada ka goge idon da bakin riga, ƙurar hunturunmu yashi ce, tana karce gilashi, a hure ta tukuna. Kada yatsa ya taɓa madubi ko labulen ciki. Soson da ke gefen murfi zai yiwu ya narke ya zama kamar kwalta, ana sake shi, ba mutuwar kyamara ba ce. Ka fitar da su daga ɗakin kwanon nan naka, zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40 yana dafa fim. Da damina kuma kada ka kulle su cikin jakar fata, danshi na sa wani farin abu kamar saƙar gizo ya tsiro cikin gilashin.

Fim bai ƙare a duniya ba. Kodak ta daina yin fim ɗinta mai launi, Kodachrome, a 2009, ta shiga fatara a 2012, amma har yanzu tana yin fim, Ilford ta Ingila ma tana yin baƙi da fari. Shi baƙi da fari ana wanke shi a gida. Ruwan maganin yana son sanyin awo 20, shi ya sa mu da asuba muke wanki, da ruwan randa da ƙanƙarar da muka sayo muka naɗe a buhu. Fim a duhu ƙirin ake sa shi cikin tukunyarsa, jar fitila ta takarda ce kawai. Har yau ina jin tsamin maganin nan a hancina, da yadda fuskar mutum ke tasowa a hankali daga farar takarda cikin faranti, idanu da farko, sannan hula. Mai launi da ya shigo sai mu ba direba ya kai Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Karyewar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin fim da takarda, daga baya salula ta zo ta ƙarasa sana'ar.

Game da sayarwa, in gado ya warware, kayan naka ne, shari'a ba ta hana ka ba. Amma ni kawunka ban yarda ka sayar Hajiya tana raye ba. Maraɗi ba ta da girman da labari zai ɓata a hanya. In ka sayar ranar Litinin, kafin kasuwar Juma'a Hajiya ta ji. In wata rana matsi ya kai ka bango, ka je ka faɗa mata da bakinka kafin ka yi, ka kuma kai mata wani abu daga kuɗin. Yashica dai ko a lokacin ka bar ta.

Kilishen nan su ne suka hana ni barci. Su ba kyauta ba ne ko da an haɗo maka su a akwati ɗaya, amana ce. Fuskokin mutane ne. Akwai 'yan mata da suka zo da ƙawayensu ba mayafi suka tsaya gaban labulenmu mai zanen jirgin sama, yau su ne kakanni masu carbi. Akwai mamatan da iyalansu ba su da ko hoto ɗaya nasu. Kada ka sa ko guda a Facebook ko TikTok sai da yardar gidan, kuma wanda ke taya maka kyamarorin in ya nemi haɗawa da su, ka ce babu. Suna da daraja fiye da ƙarfen. Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako masu shagon hoto ne kamar Malam, kilishen da suka adana ne suka kai sunansu duniya, har aka ba Sidibé babbar lambar yabo a Banis ta Italiya a 2007. A Yamai ma haka aikin Philippe Koudjina ya zama tarihin birnin. Malam yakan rubuta wata da shekara a bayan kowace ambulan da fensir, kada ka rikita su, kuma ka riƙe kilishe ta gefe. Ni zan iya gane mutane da yawa a ciki. Mu zauna da 'ya'yansa mu fitar, wanda gidansu ke nan a wanke a kai musu.

Ranar Alhamis bayan la'asar zan shigo in duba kyamarorin. Juma'a in an sauko masallaci mu je gidan tare, ka sa babbar riga. Ka rataya Yashica a wuya ta gan ta a jikinka, ko babu fim ciki. In mun samu fim, hoton farko nata ne, zaune a kan tabarma da jikokinta, kafin rana ta faɗi, lokacin da haske ke kwanciya a bangon gabas na tsakar gidansu. Ka gaishe mini da innarka, ka ce mata maganin ƙafar ya iso.