Tambaya da Amsa: An yanko wa ɗana tikiti biyu ta Istanbul, zai riski jirgi na biyu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Tudun Wadan Zariya. Ɗana na fari ya samu gurbin karatun digiri na biyu a Manchesta, biza ta fito, saura mako uku ya tafi. Wani ejan da ƙanin mahaifinsa ya haɗa mu da shi ya ce ya samo mana tikiti mai sauƙi: daga Abuja zuwa Istanbul a jirgi ɗaya, daga can wani kamfani daban ya kwashe shi zuwa Ingila, tsakaninsu awa uku da rabi. Takardu biyu ya turo mana ta WhatsApp. A ta farko an rubuta IST, a ta biyu SAW. Da na tambaya sai ya ce ai duk Istanbul ne, taransit ba ya buƙatar komai, yaro ya bi kibiya kawai. Mun ba da rabin kuɗi. Yaron nan bai taɓa hawa jirgi ba, ni kuwa Umra kaɗai na sani, jirgi ɗaya daga Kano har Jidda. Kwana biyu ke nan barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sa albarka a karatun yaro, Ya kai shi lafiya. Rashin barcin nan naki yana da dalili, kuma na gode wa Allah da kika lura da haruffan nan kafin ranar tafiya. Kada ki cika sauran kuɗin. Da tikitin nan yadda yake, da wuya ma a bar shi ya shiga jirgi a Abuja, balle a yi zancen Manchesta.

IST da SAW filayen jirgi biyu ne daban. Na farko shi ne sabon babban filin da aka buɗe a 2018, aka kwashe jirage gaba ɗaya zuwa cikinsa a watan Afrilun 2019, yana ɓangaren Turai na birnin. Na biyun shi ne Sabiha Gökçen, yana ɓangaren Asiya, sai an ƙetare ruwan Bosfor. Tsakaninsu a mota wajen kilomita 80 ne. Ki ƙiyasta mutum ya sauka a Zariya a ce masa jirginsa na gaba yana Kaduna, ga akwatuna biyu, ga garin da bai san yarensu ba, ga cunkoson motoci da ya fi na Kwangila ranar jajiberin Sallah. Babu wata kibiya da ke kai mutum can. Sai ya bi layin jami'an shige da fice, an buga masa hatimin shiga Turkiyya, ya jira kayansa, ya fito waje, ya nemi bas ko tasi. Mai fasfon Najeriya kuwa ba ya shiga Turkiyya sai da bizar Turkiyya. Bizar da ke hannun ɗanki ta shiga Ingila ce.

Mu ɗauka ma yana da bizar. Mu yi lissafin awa uku da rabin nan. Galibin kamfanoni suna rufe kantar awon kaya awa guda kafin tashin jirgin ƙetare, saura biyu da rabi. Daga taɓa ƙasar jirgi zuwa fitowar mutum bakin titi da kayansa a filin da ya kai girman na Istanbul, awa guda ma sai an yi sa'a. Saura ɗaya da rabi a yi kilomita 80 a cikin birni, kuma wannan idan jirgin Abuja bai makara ko da minti goma ba. Wanda ya san aikin nan ba zai ɗora ɗan wani a kan wannan lissafi ba.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan ta "taransit ba ya buƙatar komai". Na yi shekaru a kan kantar awon kaya kafin in dawo gida in buɗe ofis, kuma har yau ba na yin mako ban ji wannan magana ba, daga bakin ejan, daga bakin ɗalibai a Samaru da Kongo, daga bakin Alhazan da suka je Dubai sau ɗaya suka dawo malaman tafiya. Mutane sun ɗauka duk wanda ya sauka a wani gari ya sake hawa jirgi ɗan taransit ne. A wurin kamfanin jirgi ba haka abin yake ba. Ɗan taransit shi ne wanda tafiyarsa duka take kan tikiti guda: lambar bukin (wato ta kama wuri a jirgi) ɗaya mai haruffa shida, lambar tikiti ɗaya mai alƙaluma 13. Shi ne ake ɗaure wa kayansa takarda tun daga Abuja da sunan garin ƙarshe, ba ya sake ganin akwatinsa sai can. Shi ne ake ba katin shiga jirgi biyu a hannu. Shi ne idan jirgin farko ya makara ya rasa na biyu, kamfani zai sa shi a na gaba ba tare da ya ƙara ko kwabo ba, wani lokaci har da abinci da ɗakin kwana, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma kwamfutar kamfani ba ta yarda ta haɗa jirage biyu a tikiti guda sai tazarar da ke tsakaninsu ta kai mafi ƙarancin lokacin da aka ƙayyade wa wannan fili. Shi ya sa nake gaya wa mutane cewa awa ɗaya da rabi a tikiti guda ta fi kwanciyar hankali a kan awa biyar a tikiti biyu.

Mai tikiti biyu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kamfani na farko ya san Istanbul zai kai shi, a nan alƙawari ya ƙare. Kamfani na biyu bai san da zaman jirgin Abuja ba. Idan yaro ya iso an rufe kanta, sunansa wanda bai zo ba, kuɗi ya tafi, idan ma tikitin na zuwa da dawowa ne har na dawowar sai a soke. Sai ya sayi sabo a nan take, da farashin ranar, da kuɗin ƙasar waje, shi kaɗai, wataƙila wayarsa ma ba ta da layin da ke aiki.

Ga kuma abin da ejan ɗinku bai faɗa muku ba. Ma'aikacin da zai karɓi fasfon yaro a Abuja tikitin kamfaninsu zai duba, kuma tikitin ya ce Istanbul ne ƙarshen tafiya. Zai buɗe Timatic, kundin da kamfanonin jiragen duniya ke duba sharuɗɗan shiga kowace ƙasa, ya ga ana neman biza, ya nemi ta cikin fasfo ya rasa. Ba mugunta ba ce idan ya hana shi wucewa. Duk kamfanin da ya kai wa wata ƙasa fasinja marar takarda tara ake cin sa, kuma shi zai dawo da mutumin da kuɗinsa. Ba roƙo, ba kuka, ba "ka san ko ni wane ne" da ke sauya wannan.

Ba zan manta da wani dare a kan kanta ba. Wani yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, da sabuwar shadda ruwan toka ko karin guga bai baje ba, mahaifinsa na tsaye a bayansa riƙe da jakar leda mai cike da takardu. Tikiti biyu ne irin naku. Na duba, na sake dubawa, na kira shugabana, babu hanya. Dattijon ya ciro waya ya kira ejan, na ji da kunnena ana cewa lambar a kashe take. Ya kira sau huɗu. Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce mini, "Ɗana, gona na sayar." Ni na hana su tafiya a daren nan, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi, amma har gobe idan na tuna hular nan a hannunsa raina ɓaci yake yi. Wanda ya karɓi kuɗin gonar yana gida yana barci.

Kada kuma a ɗauka Istanbul ce kaɗai. Landan tana da Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton, a takarda duk "Landan" za a ce maka. Paris tana da Charles de Gaulle da Orly. Dubai tana da fili biyu. Sannan akwai ƙasashen da ko a tikiti guda kake, ko ba za ka fita daga ɗakin jira ba, sai da biza. Najeriya tana cikin ƙasashe 12 da dokar Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta wajabta wa 'yan ƙasarsu bizar yada zango a filin jirgi, sai fa wanda ke da ingantacciyar bizar wurare irin su Amurka ko Kanada ko Japan. Idan kuma tafiyar ta ratsa garuruwan Shengen biyu, a ce Frankfurt sannan Paris, to ka shiga yankin ke nan, cikakkiyar biza ake nema. Ingila ma tana da tata bizar yada zangon ga 'yan Najeriya, da nata sharuɗɗan sassauci. Amurka kuwa ba ta san wani abu wai shi taransit marar biza ba: a garin farko da ka sauka za ka bi shige da fice, ka ɗauki kayanka, ka wuce kwastan, ka sake miƙa su. Duk wannan a rubuce yake, ba sirri ba ne. Mutumin da bai san shi ba ya buɗe shago ya rataye allo da hoton jirgi, ya zauna yana tsince-tsince a intanet, duk abin da ya fito da ƙaramin farashi ya manna wa mutane. Ku ji tsoron Allah. Kuɗin nan da kuke karɓa na gado ne, na adashi ne, na sarƙar da uwa ta cire daga wuyanta. Idan ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku tura mutum wurin wanda ya sani.

Arahar ma sau da yawa kallon kitse ake wa rogo. Ƙananan kamfanonin nan masu sauƙin farashi kuɗin kujera kawai suke nuna maka, akwati sai ka biya daban. Ɗalibin da ya tashi daga nan da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, idan ya biya kuɗinsu a jirgi na biyu, ya haɗa da biza da kuɗin mota, rarar da aka yi masa alƙawari ta narke.

To ga abin yi, Hajiya. Gobe da safe ki sa ƙanin mahaifinsa ya je da kansa, tunda shi ya kawo mutumin. A tambaye shi abu ɗaya: an riga an fitar da tikitin, ko wuri kawai aka kama? Takardar da ba ta da lambar nan mai alƙaluma 13 a ta kamfanin farko, bukin ne kurum, kuɗinku yana aljihunsa, ya dawo da shi. Idan an fitar, a karɓi lambar bukin ɗin yaro ya shigar da ita da sunan mahaifinsa a shafin kamfanin ya ga gaskiyar abin da aka saya da sharaɗin mayar da kuɗi. Alƙaluma ukun farko suna gaya miki mai tikitin: 235 na Turkish ne, 157 na Qatar, 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir. Ko da za a yanke wani abu, a haƙura a sayi tikiti guda daga Abuja ko Kano har Manchesta, ta Istanbul ɗin ko Doha ko wani wuri, kuma ga wanda bai taɓa tafiya ba a nemi tazarar awa biyu da rabi zuwa huɗu.

Shi kuma yaro, a gaya masa waɗannan. A kan kanta ya karanta takardar da aka liƙa wa akwatinsa da idonsa, ya ga MAN, wato alamar filin jirgin Manchesta, a jiki, ya adana ɗan guntun da za a ba shi, ya ƙirga guntayen su yi daidai da yawan akwatunansa. Kada ya karɓi saƙon kowa, ko ɗan unguwarku ne. Da ya sauka ya bi alamar masu sauya jirgi, kada ya bi ayarin masu fita gari. Ya duba allon sanarwa da lambar jirginsa, domin ƙofa takan sauya. Ya fara gano ƙofarsa tukuna, sannan ya nemi masallaci da abinci. Agogon Istanbul da na Doha suna gaban namu da awa biyu, kuma duk lokacin da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Za a sake bincikensa a can, saboda haka turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 ya tafi cikin babban akwati, fasfo da takardun makaranta da magani da fawa-bank su zauna a jakar hannu. Na san za ki so ki haɗa masa kilishi da dambun nama da man shanu. Ingila ba ta barin a shigo da nama da kayan madara daga nan, ƙwacewa za a yi. Ki ba shi kuka da kuɓewa busasshiya da yaji.

Ki kuma lissafa hanyar Zariya zuwa Abuja cikin tafiyar, ko ta mota ko ta jirgin ƙasa daga Rigasa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ya je ya kwana a Abuja, ya isa fili awa uku kafin tashi. Idan an turo muku sabon tikitin, ki turo mini hotonsa kafin ku biya, zan duba miki shi.